Manjo Ambrose Tregear, Mai Lamba a Ƙirjin Dama

Haihuwa da karatu

An haifi Ambrose Tregear ranar 9 ga Satumba, 1913, a garin Wirrabel na Kudancin Ostireliya. Mahaifinsa Jethro maƙeri ne, mahaifiyarsa Loveday kuwa ita ce ungozomar garin. Bayan kammala makarantar garin ya sami horon malanta a Adelaide, ya dawo a 1935 yana koyar da lissafi, ko da yake mu ɗalibansa mun fi riƙe dariyarsa, wadda ake jiyowa tun daga bakin titi.

Aikin soja

A shekarar 1940 ya shiga rundunar sojan ƙasa da muƙamin laftana, ya yi yaƙi a Arewacin Afirka, daga bisani aka tura shi dazukan New Guinea. Sajensa shi ne Fergus Dooley, mai askin tumaki da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawo daga gona zuwa gona, mutum mai bakin tsiya. Shi ne ya taɓa ce masa ana tsakiyar ruwan harsashi, “Malam, sunkuya mana, waɗannan ba ɗalibanka ba ne.”

A watan Oktoban 1943 abokan gaba suka yi wa mutanensu arba'in ƙawanya a kan wani tudu. Dooley ne ya gano hanyar da aka fitar da su ta cikin kwazazzabo, shi kaɗai kuma bai fito da rai ba. Tregear, wanda ya jagoranci fitar, aka bai wa lambar jarumta, kuma ya bar soja a 1945 da muƙamin manjo.

Aure

Ya auri Winifred Oates, ma'aikaciyar gidan waya, a 1946, ya kuma koma aji.

Batun dutsen tunawa

Kowa a nan ya san ƙa'idar faretin ranar Anzac, ranar tunawa da 'yan mazan jiya: lambar da mutum ya samu da kansa a ƙirjin hagu take, ta mamacinsa kuwa a dama. Haka nan kowane gari 'ya'yansa kaɗai yake sassaƙa wa suna a dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, shi ko Dooley ba shi da gari, saboda haka babu dutsen da ya ɗauke shi. Wannan abu ya tsaya wa Manjo a rai ƙwarai, sai ya fito faretin 1946 da lambarsa a dama.

Horace Pengilly, mahauci kuma shugaban kwamitin dutsen, ya tare shi. “Manjo, duk lissafin naka, hagu da dama ne suka gagare ka?”

“Ba tawa ba ce, Horace, ajiya ce,” in ji shi. “Sa sunan mai ita a dutse, ka huta da ni.”

Shekara ashirin da biyu suna wannan muhawara, kowace shekara su ƙare ta da shan shayi tare. A ƙarshe Winifred ce ta gaji, ta binciko wata tsohuwa mai gonar tumaki, Uwargida Trudgeon, wadda Dooley ya yi wa tumakinta aski shekara uku a jere, ta ɗauko ta a mota har zauren kwamiti.

“Mutumin da ya cinye mini kaji bakwai a zama uku,” in ji tsohuwar, “shi ne za ku ce ba ɗan garin nan ba ne? Horace, ka ji kunya.”

Aka sassaƙa sunan a watan Afrilun 1968. A ranar Manjo ya yi kuka, ya yi dariya, ya rungume mahaucin har hularsa ta faɗi. Da Horace ya ce to yanzu sai a mayar da lambar hagu, sai ya amsa masa da cewa ai rigar ta riga ta huje ta dama, Winifred kuma ba za ta saya masa wata ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar 2 ga Yuni, 1991, yana da shekara saba'in da bakwai, aka binne shi a maƙabartar cocin garin bayan an tsaya da akwatin gawarsa a gaban dutsen. Ya bar 'ya'ya huɗu: Morwenna, Denzil, Hester da Piran. Su ne ke karɓa-karɓar fita fareti da lambar a ƙirjin dama, a madadin mutum biyu, kuma yau babu mai ce musu sun yi kuskure.