Hoton Baba Marar Fuska

Ko me tsufa zai ɗauke mini, ban da ranar da na kai wa Inna hoton Baba a gidanmu na gado.

Baba tela ne, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, kowane ma'aikaci ya rataya hoton mahaifinsa a falo, ni kuwa bangona fayau. Abin da ya fi ci mini rai, in na rufe ido ina neman fuskarsa, sai ta ƙi zuwa. Tsoro ya kama ni sosai.

Akwai wani Bayarabe mai zane a Sabon Gari da ya yi karatu a Zariya. Mutane na yi masa dariya, wai zanensa ba kai ba gindi. Da babu gara ba daɗi, na je wurinsa. Bai tambaye ni hanci ko ido ba. Cewa ya yi, "Yaya Baba yake tafiya? Yaya yake tsayawa?" Na ba shi amsa ina ƙunƙuni.

Da na je karɓa, raina ya ɓaci. Bangon zaure ne ja ya zana, sai wani dogon abu shuɗi a bakin ƙofa, ya ba da baya, kafaɗar dama ta sauka. Na ce, "Ina fuskar?" Ya ce, "Kai wa Mama tukuna."

Na tarar da Inna tana tsince shinkafa. Na jingina shi da bango, ina shirin ba ta haƙuri. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye faifan a hankali.

Ta ce, "Ga Malam zai fita shago. Dubi kafaɗar da keken ɗinki na hannu ya karkatar."

Na ce, "Inna, ai ba fuska."

Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yo ni da kunya ta hana ni ƙare wa fuskarsa kallo? Sai ya juya zai fita nake kallonsa son raina."

Ban sake neman fuskar ba, hoton kuma yana falona har yau. Tun ranar na gane cewa kamannin mutum ba a fuska kaɗai suke ba. Kowa da inda ya tsaya ya kalli nasa, kuma daga nan yake gane shi.