Kawu Sale da Faifansa na Indiya

Duk wanda ya zauna a gidanmu na unguwar Abbasiya, can ƙasar Masar, ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, da faifansa guda ɗaya tal: wani fim ɗin Indiya na soyayya, waƙa kan waƙa. Da an fara rawa sai ya warware rawaninsa ya lulluɓe talabijin, sannan ya ƙara murya.

Na ce, "Kawu, wannan wane irin tsoron Allah ne?"

Ya ce, "Ido babu saɓani a kansa. Kunne kuwa, malamai sun yi saɓani. Matsa can!"

Kun dai san halin da yake ciki: karatu ne ya kawo shi Masar. Nahawu ya yi ta kayar da shi har muka daina tambayar sakamako, shi kuma ya kafe ba zai koma Gusau ba sai da takardar shahada a hannu. Matarsa Inna Rabi na can tana jira, yaran da ya bari suna rarrafe har sun shiga sakandare.

Ko kalma ɗaya ba ya ji a Indiyanci, amma shi ne tafintanmu. Jiya jaruma ta ce wa jarumi ya ji tsoron Allah, yau a daidai wurin tana tambayarsa ko ya ci abinci. Rannan maƙwabcinmu Mizan, ɗalibi ɗan Bangaladash, ya shigo ya ce ai daga wani tsohon ɗan littafi na yarensu aka ɗauko labarin, kuma babu waƙa ko ɗaya a ciki.

Kawu ya riƙe baki. "Babu waƙa? Ashe marubucin bai gama aikinsa ba."

Mizan ya ce, "Kuma ya Shaikh, ba abin da jarumar ta faɗa ke nan ba."

"Kai littafi ka karanta, ni fim na kalla. Yalla, maza sha shayinka."

A zafin 2014, lokacin da ake yawan ɗauke wuta, ba ya yarda fim ya tsaya. Sai ya miƙe ya ci gaba da baki, har da waƙoƙin. Wallahi sai da wata tsohuwa 'yar Masar daga benen sama ta sauko tana tambayar waye ba shi da lafiya.

Akwai wurin da jarumin ya yi fushi ya yi nisa, yarinyar na zaune tana jiransa. Nan Kawu ke tashi tsaye. Wata Juma'a bayan la'asar ya daka masa tsawa: "Kai sakarai! Girman kan me? Baiwar Allah na jiranka, ka koma gida mana!"

Mizan, ba da wata manufa ba, ya ce, "Ya Shaikh, kai fa?"

Ni kam na zaci ranar Mizan zai sha mari. Kawu ya zauna, sannan ya ce, "Khalas, shi ke nan." Washegari ya shiga jirgin ƙasa na metro zuwa Wustul Balad, tsakiyar gari, ya yanko tikitin komawa gida. Haka ya koma, ba shahada.

Bai cika shekara biyu a gida ba Allah ya karɓi abinsa. Da na je gaisuwa, Inna Rabi ta ce, "Ɗan nan, da na san fim ne zai dawo min da shi, da tuni na aika masa da buhu guda." Muka yi dariya, sai ta rufe fuska da mayafi, ni ma na kasa daurewa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa na ido da na kunne, ya sada shi da Inna Rabi a gidan da ba a jiran kowa. Amin.