Kaset ɗin Faransa da ya kai abokina tasha

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ni ne kaɗai mai bidiyo a layinmu na Makera. Duk Lahadi bayan an taso daga coci, ɗakina kan cika har sauro ba ya samun wurin sauka.

Ina da aboki, makanike a Kakuri, mutumin Gabas. Tun da ya yi faɗa da mahaifinsa bai sake taka garinsu ba. Ga shi an aiko tsohon yana kwance. Matarsa ta ce mini, "Oga, kai yake ji, ka yi masa magana." Na yi ta yi har bakina ya tsufa, a banza.

Wata Lahadi maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, ya ara mini wani fim na Faransa, baƙi da fari, ya girmi kakata. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba, amma na gyara zama na ce zan fassara. Labarin wani mai laifi ne da ya ɓuya a garin bakin teku, kullum cewa yake gobe zai hau jirgin ruwa ya koma gida. Ba rawa, ba waƙa, ba wanda ya tashi sama da ƙafa. Sai hazo da hayaƙin taba da fuskar mutumin. Amma kowa a ɗakin ya zuba wa fim ɗin ido.

Abokina, da ke cikin 'yan kallo, ya ce, "Mutumina, zai samu jirgin nan kuwa?"

Na ce, "Haba, ka taɓa ganin jarumi ya mutu? A ƙa'idar fim, ko tanka ta taka shi sai ya tashi ya kaɗe riga."

Ya ce, "To in ya hau, ni ma zan je gida."

Na ji daɗi, don a ganina aiki ya gama. Ban san Faransawa ba su san ƙa'idarmu ba. Mutumin nan ya yi jinkiri, harsashi ya same shi, jirgi ya tafi yana kallo. Aka rubuta ƙarshe.

Na yi wuf na ce, "Ku kwantar da hankali, akwai kashi na biyu. Suma ya yi."

Abokina ya dube ni ya ce, "Rufe baki, malam tafinta. Babu na biyu. Gobe, gobe ce ta kashe shi."

Washegari da hantsi ni na ɗaukar masa jaka zuwa tasha. Ya iske tsohon da rai, sun yi mako uku tare kafin Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan na kalli finafinai sun fi gashin kaina yawa, duk na manta da su. Wannan kuwa, wanda ban fahimci ko jimla ɗaya a cikinsa ba, yana nan daram. Mutanen da suka yi shi sun ƙi yi mana ƙarya, ni da na yi kuma ban ci ba. Har yau in na ce wa abokina "sai gobe", sai ya ce, "Ka tabbata akwai kashi na biyu?"