Talatar da Na Ƙi Fita Aiki

Tun da na ji an ce zaɓe ya kusa, na fara shirin ɓuya. A garinmu, in zaɓe ya matso, mace mai hankali shinkafa take saye, ta tara yaranta a ɗaki, ta saurari rediyo ta ji ko an ɗaga, ko kuwa sojoji sun ce a bar musu mulki su hutar da mu. Shekarata ɗaya ke nan a Highbridge, wata unguwa a Amurka, da 'yata mai shekara biyar, ina kula da wata tsohuwa Ba'amurkiya a gidanta. Aikin nan da ƙyar na same shi.

Mako guda kafin ranar aka yi wata guguwa da ta cika tashoshin jirgin ƙasa da ruwa. Na ce wa maigidana, “To alhamdu lillahi, sun samu dalili. Za su ɗaga.”

Ya ce, “Ba sa ɗagawa.”

“Ko da wata uku?”

“Talata ce a Nuwamba tun kakannin kakanninsu. Ko yaƙi suke yi.”

Na ce a raina, mutanen da ba su iya ɗaga zaɓe ba, me suka iya? Na je na sayo shinkafa buhu uku, da mai, da kifin gwangwani, na cusa ƙarƙashin gado. Da makarantar 'yata ta aiko cewa babu karatu ran Talata, na ce ka gani, su ma sun san abin da ke tafe.

Ranar na kulle ƙofa, na ƙi zuwa aiki. Ƙarfe tara tsohuwar ta kira.

“Kina ina? Wa zai tura ni a keken guragu in je in jefa ƙuri'a?”

“Mama, yau ba a fita.”

“Shekara sittin ina fita. Ki zo yanzu, ko in ce kamfaninku su aiko min da wata.”

Na tsaya ina auna harsashi da rasa aiki. Na ɗauki hijabi, na riƙe hannun 'yata, muka hau bas ina ta addu'a.

A wata makarantar yara ake jefawa, ashe shi ya sa aka ba su hutu. Babu soja, babu mai sanda, babu ko mai raba sabulu. Layi ne kawai, kowa na duba waya kamar mai jiran likita. Tsohuwar ta gama, aka manna mata wata 'yar takardar shaidar ta yi zaɓe a ƙirji.

Na ce, “Mama, shi ke nan? Yaushe za a fara gudu?”

Ta ce, “Tura ni gida, sanyi nake ji.”

Aikina dai ya tsira. Shinkafar kuwa sai da muka kai azumi muna ci, maigida na tambaya kullum ko sojojin sun iso.

Don Allah, in kina da 'yar'uwa sabuwar zuwa, ki gaya mata ran zaɓe ana zuwa aiki, kuma buhu ɗaya ya isa.