Shugaban Taron Gwauraye

Mista Treloar, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ban kai wasiƙar ba. Tana nan a tsakiyar littafin soyayyar da nake karantawa, ko buɗe ta ban yi ba.

Ranar Talata, sha biyar ga Yuli, Mama ta dawo daga kanti ta ce ka rasu da safe, zuciyarka ce ta tsaya. Shekararka saba'in da takwas. Na shiga ɗaki na tsaya ina kallon littafin nan har shayina ya huce.

Ina 'yar shekara tara muka saba. Lokacin ƙyanƙyasa ne, tsuntsayen magfai, masu kama da hankaka, suna kai wa masu wucewa sara a ka, ni kuma na kifa robar askirim a kaina kamar sauran yara. Ka leƙo ta shinge ka ce, "'Yar maƙwabta, cire tukunyar nan. Bari su ga fuskarki. Wanda suka sani ba sa taɓa shi." Na cire. Har yau ba wanda ya sare ni.

Duk lokacin sanyi tsuntsayen sukan taru a filin ƙwallon bayan gidajenmu, talatin, arba'in, suna takawa a kan ciyawar da raɓa ta daskare, suna karkata kai suna sauraron tsutsa a ƙasa. Kai ka gaya mini masu iyali suna can suna gadin bishiyoyinsu, waɗannan kuwa marasa bishiya ne. "Taron gwauraye ke nan," ka ce, "ni ne shugaba." Akwai wanda ka sa wa suna Kansila, don ya fi kowa surutu, ba ya tono. Da hannuwan nan naka da askin tumaki na shekara arba'in ya lanƙwasa kake zuba mini shayi a murfin fulas. Ba ka taɓa ce mini na cika shiru ba. Sai dai ka dubi littafina ka ce, "Yau kuma wa ya auri wa?"

Ni na fara lura cewa ranar wasa kofi uku kake sha a rumfar Misis Hallinan, alhali fulas ɗinka a cike yake. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kamar matarka. A watan Yuni ka miƙo mini ambulan, kunnuwanka sun yi ja. "Ke kika karanci harkar nan," ka ce. "Ni ƙafafuna ba sa kai ni ƙofarta."

Sau uku na je bakin gidanta, sau uku kunya ta koro ni. Da ka tambaye ni, "An isar?" sai na gyaɗa kai. Mako biyar ina ganinka kana duba akwatin wasiƙunka. Daga baya ka ce, "Ba ta ce komai ba. Ba laifi, gwauraye ma suna bukatar shugaba." Ka ba ni biskit ɗin da ya rage. A littattafaina, ko wasiƙa ta makara, akwai sauran babi. Na ɗauka mu ma muna da shi.

A wurin jana'iza Misis Hallinan ta tsaya can baya cikin shuɗiyar rigar sanyinta ta zuwa unguwa. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, yanzu wa zai riƙa zama da tsuntsayensa?" Na kasa ɗaga kai.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya ba ka hutu a inda babu sanyi. Ina yi wa 'yarka Bronwyn da jikokinka ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Ni kuma ka yafe mini.

Da safen nan gwaurayen sun taru, har da Kansila. Idan na taso daga makaranta zan kai wa Misis Hallinan wasiƙar. Ba zan jefa a akwati in gudu ba. Zan ƙwanƙwasa, in tsaya ta ga fuskata.