Lauyan da Na Ce An Saye Shi

Ni ne na yi kuskure, kuma na daɗe da sanin haka.

A shekarar farin da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, na yi shari'a a Isa da wani Bafulatani a kan rijiyar gonata ta Burkusuma. Lauyan da ya tsaya mini baƙo ne daga Asiya, mai bin addinin Buddha, yana aiki a Sakkwato. Tun ranar farko ban yarda da shi ba. Kafin a shiga kotu sai ya je ya tsuguna gaban abokin shari'ata, yana tambayarsa ta bakin tafinta shanu nawa suka rage masa.

Ya ci mini shari'ar. Amma da muka fito ya ce, "Malam, rijiya taka ce. Ka bar shi ya shayar da safe. A addinina, ƙishirwar dabbobinsa ma ta shafe ni."

Na ce lalle an ba shi sa a matsayin toshiyar baki. Na faɗa a kasuwa, magana ta kai ofishinsu, aka fara bincikensa, har ana batun korarsa.

Sai Bafulatanin ya same ni a gona. "Baba, ka ji tsoron Allah. Maraƙi na kai mai, ya ƙi. Mutumin ko nama bai ci."

Na bar masa guga, na ce wa iyali za ni Sakkwato. Na shaida wa shugaban ofishinsu cewa ƙarya na yi, sannan na tsaya gaban lauyan na ce, "Lauya, na ɓata maka suna ba ka yi mini komai ba. Ka yafe mini."