Ranar da Alama ta Uku Ta Matso

Shekarun da na yi ina tsaron filin ƙaramin jirgin feshi a wani mashru'i, wato babbar gonar dawa, kudu da Gadarif, aikina na farko shi ne duba gari. Ƙa'idar hukuma ta ce matuƙi ba zai tashi ba sai ido na kaiwa wani nisa. Ba mu da na'ura, sai alamu uku da ni da kaftin, matuƙin jirgin, muka auna da mota. Ta farko tankin ruwa. Ta biyu wata kuka. Ta uku mataccen injin girbi a bakin gona, daidai nisan da ake nema. Ina dubansu a jere, ba na tsallake ɗaya.

Wata kaka tsuntsayen jan-baki suka sauka wa dawar. A makon kuma aka ƙone ciyawa a kewaye, hayaƙi ya kwanta kwana uku. Wakilin mai gona yana ji yana gani ana cinye masa shekara.

Rana ta huɗu da hantsi ya iso da fara'a.

"Ya Hajj, duba! Ga injinka can fili. Kira kaftin."

Na duba. Ga tanki. Kuka babu ita. Injin kuwa ga shi, har tsatsarsa ina gani.

"Wakili, yaushe uku ta riga biyu zuwa?"

"Idonka ne ya tsufa, ya Hajj."

Na taka. Ga sawun tarakta ɗanye a ƙasa. Ashe da sassafe ya sa an janyo injin kusa. Da kaftin ya ji, ya yi dariya har ya zubar da jabanar gahawarsa, ya dubi wakili.

"Ya zol, mutumina, gobe ka janyo mana dutsen Kasala ma!"

Ban yi dariya ba a lokacin. Na sa aka mayar da injin kan ramin tayoyinsa.

Bayan azahar iska ta taso daga gabas. Tanki, sannan kuka. Da la'asar injin ya fito a wurinsa na gaskiya. Na ɗaga farin ƙyalle, jirgi ya tashi zuwa makwancin tsuntsaye. Wakili ya rungume ni yana ihu har rawaninsa ya warware.

Dawar ta tsira. Ran girbi wakili ya aiko min da buhun dawa, kuma taraktar nan ce ta kawo shi.